Allurar zafi ta ƙi tashi, ni kuma ina ta murna

Kusan shekara biyu ina cika baki da Corollata a majalisa, ƙirar 2005 ce 'yar Beljiyam, duk wanda ya kawo kukan ofa hitin sai in ce ni dai tawa ko a watan Afrilu na shiga gosulon Kano allurar zafin nan ko kwata ba ta kaiwa. Ashe ciwo nake wa kirari.

Tafiyar Jos ce ta tona asirin, cikin Disamba, hunturu ya kankama. Da asuba na kunna hita don gilas ya yi raɓa, iska mai sanyi kawai take hurowa, yara a baya sai rawar ɗari suke. Da muka juyo kuma muna gangarowa ta wajen Saminaka sai na ga allurar ta koma ta kwanta kan C kamar yanzu na tada motar, alhali mun fi awa ɗaya muna tafiya. Shan mai kuwa dama na daɗe ina zarginta, tun da aka cire tallafi a 2023 ai kowa ya koyi kallon gejin mai, amma sai in ɗora laifin kan gidajen mai. Wutar cek injin ma ta daɗe a kunne, na bar ta kamar yadda kowa yake barin tasa.

Wani abokina ya haɗa ni da bakanikensa. Ya jona kwamfuta, ta fito da P0128, wato injin ba ya kaiwa zafin da ya kamata. Bai kwance komai ba, cewa yayi Alhaji ka bar min ita ta kwana, gobe da sassafe ka zo mu tada ta tare. Ina murɗa makulli fanka ta kama gudu, ya kalle ni yace an yi mata dairek kenan, wato an haɗa wayarta kai tsaye ba ta jiran injin ya yi zafi. Bayan 'yan mintuna ya sa na taɓa tiyon lagireto na ƙasa, ya riga ya fara ɗumi, yace da tamostat, wato abin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, tana ciki tana aiki wannan tiyon zai zauna da sanyinsa har sai injin ya yi zafi sosai sannan ka ji ya ɗau zafi lokaci guda. Kwamfutar kuma tana nuna ruwan ya maƙale wajen digiri sittin da wani abu, hannunsa ma ya gaskata hakan, shi ya sa bai zargi sensa mai auna zafin ba, don wani lokacin ita ce ke ƙarya injin yana lafiya lau. Ya kwance noti biyu ya zare murfin gidan tamostat, wayam, ba komai a ciki.

Sai a lokacin na tuna ranar da ta taɓa yin zafi sau ɗaya ina sabon saye, wanda na kai wa yace oga wannan abin Turawa sun yi shi ne don ƙasarsu mai ƙanƙara, nan ba ya amfani. Na yarda ya cire ta, har godiya nayi masa wallahi.

To ga abin da ban gane ba a da. Tamostat ƙofa ce kawai, tana tare ruwa kada ya tafi lagireto har sai injin ya yi zafi, ta wannan motar 82 aka rubuta a jikinta, a nan take fara buɗewa. Idan babu ita ko ta maƙale a buɗe, ruwa yana ta zagaye ana fifita shi, birenbos, wato kwamfutar motar, kuma yana ganin har yanzu injin da sanyi sai ya ci gaba da ƙara fetur kamar yadda yake yi da safe, duk yini. Fulogina da aka ciro baƙi ƙirin. Wanda ya fi tayar min da hankali ma baƙin mai ne, don idan bai yi zafi ba danshi da ɗan fetur ɗin da ke sauka cikinsa ba sa ƙonewa su fita, a hankali ya zama kamar kunu, injin yana ta cin kansa ba ka sani ba. Kuma motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke fitowa, mu fa ba mu fi su rana ba.

Na je Ƙofar Ruwa na sayo sabuwar tamostat, kafin ya ɗaura sai da ya jefa ta cikin tukunyar ruwan zafi muka ga ta buɗe, ya ciro ta ta rufe, don jabu sun yi yawa. Akwai ɗan ƙaramin fil mai motsi a bakinta, wannan sama yake kallo don iska ta samu hanyar fita. Muka zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin, mai ruwan hoda maimakon ruwan rijiyar da nake ɗura mata, ya bar ta tana aiki da hita a kunne har kumfa ta daina fitowa, rewaya kuma ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta.

Kwana biyu sai allura ta so ta wuce rabi a gosulo, gabana ya faɗi. Aka duba, lagireto ya toshe da tsatsa, murfinsa ma ya gaji, wato ainihin ciwon da ya sa ta yi zafi tun farko yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. Aka wanke, na canza murfi, na juye baƙin mai.

Yanzu cikin 'yan mintuna allura take hawa ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, ba ta gaba ba ta baya, mai kuma ya fi daɗewa a tanki. Jiya na ɗauki ɗan majalisarmu, yana ganin gejin yace kai tsaya tsaya motarka tana zafi! Tasa Camry ce, fankarta ma tun daga murɗa makulli take gudu, ranar Asabar zan raka shi garejin.