Gudun jirgi a takarda da gudunsa a teku

Wanda ya sa aka ƙera masa jirgin ruwa na ƙashin kansa, irin mai tafiya da iska da manyan ƙyallaye, yana da wata matsala da mai sayen na kamfani bai santa ba. Na kamfani an buga ɗaruruwan irinsa, ba za ka rasa wanda ya tuƙa shi ya gaya maka halinsa ba. Nawa kuwa shi kaɗai ne a duniya. Abin da ke hannuna lokacin da aka saka shi a ruwa lissafin mai zane ne kawai, ni da matata kuma muna shirin doguwar tafiya a cikinsa, mu biyu.

Lissafin farko da ya ba ni tsoho ne, tushensa aikin William Froude, injiniyan Ingila da ya riƙa jan ƙananan samfuran jirage a cikin tafkin gwaji a shekarun 1870. Jirgi mai nauyi yana tayar da igiyar ruwa yayin da yake tafiya. In gudu ya ƙaru igiyar sai ta ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa, daga nan sai ya zama kamar yana hawan tudun da shi ya tara. Don a san gudun da jirgi ke kai wannan iyakar, ana ɗaukar tsawonsa a daidai inda ruwa ya tsaya masa, a ƙafa, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawon, a ninka da 1.34. Namu ƙafa 36 ne, wato 6 sau 1.34, not 8 ke nan da ɗan ɗoriya. Not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, kilomita 1.852.

Sai kuma wani zane mai kama da fiffiken malam-buɗe-littafi, wanda kwamfuta ta fitar. Yana nuna gudun da jirgin zai yi a kowane ƙarfin iska da kowace kusurwa. Da mai zanen jirgin ya miƙo mini sai ya ce, "Malam, wannan jirgi ne babu kaya, ruwa a kwance, ƙyallaye sababbi fil, ga ƙarti shida suna ja. Kada ka riƙe ni da shi." Na ji daɗin wannan gaskiyar, domin ba kowane mai zane ne zai faɗa ba.

Kafin a auna jirgi sai an auna ma'aunin. A ƙarƙashin gangar jirgin akwai wata 'yar farfela da ba ta wuce girman babban yatsa ba, ruwa na juya ta, ita ke faɗin gudun jirgi a cikin ruwa. GPS kuwa gudunsa a kan doron ƙasa yake faɗi, har da abin da jan ruwa ya ƙara ko ya rage. Mun kunna inji a rana marar iska, muka bi layi ɗaya zuwa da dawowa ba mu taɓa ƙarfin injin ba. A ce GPS ya nuna 6.5 a zuwa, 5.5 a dawowa: gudun gaskiya 6 ne, rabin not na jan ruwa ne. Tamu farfelar ta riƙa ƙara mana kusan kashi goma cikin ɗari. Ina zaton jiragen da masu su ke cika baki da su a tasha, rabinsu irin wannan farfelar ce ke yi musu kirari. In gansakuka ko wata 'yar halittar teku ta maƙale mata kuma, sai ta koma rage maka.

Abu na biyu nauyi. Wannan ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne ya fi canza komai. Jirgi irin namu yana nutsewa santimita ɗaya a kan kowane kilo 250 ko kusa da haka da aka ɗora masa. Na sa alama da fenti a goshi da baya tun yana wofi. Sai muka cika tankunan ruwa da na mai, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya, ga batura, ga ƙaramin kwalekwale da injinsa, ga kayan gyara, ga abincin watanni. Sarƙar anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, mai kaurin milimita 10 ta wuce kilo 2 a kowace mita, kuma duk a can goshi take zaune, inda nauyi ya fi cutarwa. Alamar ta shige ruwa da kusan faɗin tafin hannu. Da iska mai ƙarfi ba ka cika jin bambancin ba. Da iska marar ƙarfi ne jirgin ke zama malalaci, in ya bugi igiya kuma goshinsa ya yi ta sallama yana zubar da gudun da ya tara.

Tafiya zuwa inda iska ke fitowa ita ce ta fi ruɗar mai kallon agogon gudu. Jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai a karkace, yana yi yana sauya gefe. Abin da ake aunawa shi ne nawa ne daga cikin gudun yake kai ka gaba. A kusurwar digiri 45 da not 6, abin da ka ci 4.2 ne. Ka buɗe zuwa digiri 55, agogo ya haura 6.8, zuciya ta yi fari, alhali abin da ka ci ya sauko 3.9. Ka matse zuwa digiri 38, gudu ya faɗi zuwa 5, nan ma 3.9. Matata ce ta riƙa rubuta lambobin duk bayan 'yan mintuna ina tuƙi, a hankali muka gane cewa namu, da kayansa, ya fi son a ɗan buɗe masa in teku na da igiya. Mun kuma ga cewa in ya kwanta gefe ya wuce digiri 20, sitiyari yana yin nauyi, jirgin na ta neman juyawa cikin iska. Rage ƙyalle a lokacin ba ya rage gudu, wani sa'in ma ƙarawa yake. Dalili kuwa, ƙarfin da iska ke danna ƙyalle da shi yana ninkawa huɗu in gudunta ya ninka biyu.

Akwai awon da ba na gudu ba, kuma na matsa aka yi shi. Ana ɗora nauyin da aka sani a gefe guda a tasha, a rataye zare mai dalma a ga yadda jirgin ya karkata, daga nan a lissafa inda tsakiyar nauyinsa take, da kusurwar da in ya wuce ta ba zai tashi da kansa ba. An ƙara ɗaukar wannan da muhimmanci bayan gasar Fastnet ta Agustan 1979, tsakanin Ingila da Ailan, inda jirage 303 suka tashi, guguwa ta rutsa da su, mutum 15 cikin masu gasar suka mutu. Masu zane da yawa suna neman digiri 120 ko fiye ga jirgin da zai shiga tsakiyar teku. Jirgin da aka ƙera wa mutum ɗaya ya fi bukatar gwajin, domin mai shi kan yi ta ƙara abubuwa ana cikin aiki, kuma yawancinsu a sama suke zama: faifan sola, rumfa, na'urar rada.

Da muka fara tafiya ta kwanaki, lambar da na koma dubawa ita ce nisan da muka ci daga tsakar rana zuwa tsakar rana. Not 5 a tsaye mil 120 ne, not 6 kuma 144. Wannan lambar ta haɗa da daren da muka rage ƙyalle don mai gadi shi kaɗai ne a sama, da awannin da iska ta ɗauke, da lokacin da ɗayanmu ke girki ba ya son tukunya ta bi shi. Mun fi zama tsakanin waɗannan biyun, nesa da not 8 na takarda, kuma a kan wannan nisan da muke ci muke lissafin ruwan sha da abinci.

Gyare-gyare biyu ne suka ɗaga wannan lambar. Mun sauya farfelar inji da irin mai naɗewa in ba a aiki da ita, muka kuma mayar da rabin sarƙar anka tsakiyar jirgi, ƙasa kusa da dalmar da ke gindinsa tana riƙe shi a tsaye. Na uku ba gyara ba ne, aiki ne: shiga ruwa da soso a goge gindin jirgin kafin kowace doguwar tafiya.