Mun Dawo Lafiya: Godiyata Gare Ku, Da Naira Dubu Uku Ta Goggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi an gama, mun dawo gida lafiya. Ina wannan rubutu ne ƙafafuna biyu na cikin robar ruwan ɗumi da gishiri, don tun ranar Lahadi ban hau bene ba sai da dafa bango. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da waɗanda saƙonsu ke jibge a WhatsApp ban buɗe ba, don Allah ku yafe mini. Ba wulaƙanci ba ne, barcin wata uku ne ya zo karɓar bashinsa.

Ba sai na sake ba ku labari daga farko ba, da ku aka yi komai. Kun ga ranar da muka buɗe shafin tara kuɗin, kun ga yadda na riƙa zagaya filin unguwa bayan sallar asuba ina haki, ni da ko bas ba na bi da gudu. Kilomita goman nan ta tseren Mancesta, daga tsakiyar gari a wuce ta Old Trafford a dawo Deansgate, Allah ne shaidata rabinta tafiya na yi, ragowar kuma ɗana ne ya riƙa jan hannuna yana cewa "Umma, saura kaɗan," alhali ya san ba kaɗan ba ne. Abin da kuka tara wa ƙungiyar MS Society, mai yaƙi da cutar jijiyoyi ta MS (multiple sclerosis) da ƙanwata Auta ke fama da ita, ya zarce abin da muka sa a gaba, har na ji kunyar ƙanƙantar burin da na yi tun farko.

Amma ba tseren ne ya tsaya mini a rai ba. Daren nan ne na asibiti, saura mako uku a yi.

Da safiyar ranar Auta ta kira ni da wata irin murya da ban so ba. Na same ta zaune a bakin gado ta rufe idon dama da tafin hannu, ta ce, "Yaya, tsaya nan. Ba na ganin fuskarki, sai hazo kamar na hunturun gida." Jar dardumar da take salla a kai, ta ce ta koma mata ruwan toka. Shekara shida ke nan muna zaune da cutar MS, na san ƙafa takan yi nauyi, na san hannu yakan yi sanyi kamar ba nata ba, na san gajiyar da ba ta jin barci. Ido ne ban taɓa shirya wa ba. Likita ya ce jijiyar idon ce ta kumbura, za a yi mata ƙarin ruwa na kwana uku, kuma akasari gani yakan dawo a hankali cikin 'yan makonni. Kalmar "akasari" ɗin nan ita na kwana ina juyawa. Ina zaune kan kujerar roba, carbi a hannu amma ba na sanin abin da nake ja, sai na ce a raina gobe zan rufe shafin nan, in mayar wa kowa kuɗinsa. Wane irin gudu, ƙanwata na shirin makancewa?

Wajen ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara. Saƙon banki ne daga asusuna na gida: naira dubu uku. Bayansa kuma saƙon murya daga wayar wani yaro mai POS a Haɗeja. Goggonmu ce. Ta hana ni faɗa, ta ce sadaka ba ta son tallata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Goggo ki yi haƙuri. Wanda ya san ta ya san daddawa da kuka take sayarwa a ƙofar gida, kuma ya san kwana nawa ake yi kafin a ga ribar dubu uku a wannan sana'a. Yaron ya ce tun la'asar ta kawo, sabis ne ya hana shi turawa. Ga abin da ta ce, na saurare shi ya fi sau ashirin: "An ce mini kuɗin ba na asibitin Auta ba ne, na masu neman maganin ne. To ga nawa, a ba su ko man fitila su saya, su yi ta dubawa kada su gaji."

In aka canja shi bai cika fam biyu ba. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fara gaya mana sunan cutar. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane abin da na yi wata biyu ina yi wa masu digiri bayani.

Don kuwa tambayar ta yi ta zuwa, wasu cikin ladabi, wasu da ɗan ƙaiƙayi: ba gwamnatin Ingila ke biyan maganinta ba, to kuɗin na mene ne? Gaskiya ne, ko kwabo ba ya shiga hannun Auta, asibiti ba ya karɓar komai a wurinta. Sai dai wannan cuta har yau ba ta da maganin warkewa. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki, saƙo ya riƙa tsinkewa a hanya. Tun 1868 wani likitan Faransa mai suna Charcot ya siffanta ta, amma sai a 1993 aka fara samun maganin da ke rage yawan tashinta. Ku duba tsawon wannan jira. Ƙungiyar da muka tara wa kuɗin ma wasu miji da mata ne suka kafa ta a 1953, Richard da Mary Cave, matar na fama da cutar a zamanin da likita ba shi da abin ba ta sai haƙuri. Ruwan da ake ƙara wa Auta duk wata shida, wanda ya sa har yanzu take zuwa aikinta, wahalar mutanen da ba su taɓa jin sunanmu ba ce muke ci.

Abin da ya fi ja na kuwa shi ne wani gwaji da ƙungiyar ke ɗaukar nauyinsa, wanda aka fara a 2023 ƙarƙashin likitocin Landan. Octopus suke ce masa, sunan wata halittar teku mai hannu takwas, saboda magunguna da dama ake gwadawa a lokaci guda maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya ana cin shekaru. Na masu nau'in cutar ne da ke ta yin gaba ba ja da baya, wato abin da kowane gida irin namu ke tsoro ko da ba a furta shi a gaban marar lafiya. Cikin magungunan da aka fara gwadawa har da metformin. E, shi dai, na ciwon sukari, wanda marigayi Baba ke aiken yaro ya sayo a kemis ɗin bakin titi. Ba a ce yana warkarwa ba, kada wani ya je ya saya wa marar lafiya, gwaji ne ake yi. Amma ku yi tunani: kamfanin magani ba zai zuba miliyoyi a kan tsohuwar ƙwaya mai araha ba, don babu ribar da zai ci. In ba kuɗin sadaka ba, wa zai biya? Kuma in Allah Ya sa irin wannan mai arahar ne ya yi aiki, to shi ne zai iya kaiwa ga yarinyar da ke kwance a ɗaki a ƙauyenmu, wadda ba ta taɓa shiga na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba, ana ta cewa sammu ne ko iska.

Mun ji wannan maganar mu ma, ba sau ɗaya ba. An ce mana ciwon Turawa ne, me ya haɗa shi da baƙar fata. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum yana tsakiyar ƙuruciya, tsakanin shekara 20 da 40. A ɗakin jiran asibitin Auta ba farare kaɗai nake gani ba. A 2022 ma masu bincike a Harvard, bayan sun bi bayanan jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10, sun nuna alaƙa mai ƙarfi tsakaninta da wata ƙwayar cuta, Epstein-Barr, wadda kusan duk baligi a duniya ya taɓa ɗauka. Mu dai ba mu bar addu'a ba, ba mu bar tofi ba, ba mu kuma bar asibiti ba.

Yanzu bari in karya al'ada in kama suna, ko da za a yi fushi da ni.

Malam limaminmu, Allah Ya ƙara maka daraja. Kai ka warware mana tun farko cewa wannan ba gurbin zakka ba ne, sadaka ce, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, sannan ka karanto mana hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Bayan wannan Juma'ar ne maza suka fara sa hannu a aljihu. Maman 'Yan Biyu, kwana tara tukunyarki ba ta sauka ba, tuwon shinkafa da miyar taushe har gadon asibiti, har ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan miyar ta rubuta a takarda. Ɗalibanmu 'yan Zinder da na Kumasi, ku da kuɗin haya ke ba ku wuya, ku ne kuka zauna kuna nuna wa dattawa inda za su danna Gift Aid, don gwamnati ta ɗora kwabo 25 a kan kowane fam na mai biyan haraji. Da ba ku ba, da wannan ƙarin ya bi ruwa. Mijin Auta, ba na kiran sunanka ko a gida balle a nan. Na ga maza da yawa sun tsere daga abin da bai kai wannan ba. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna.

Sai wata Baturiya da ban san ko sunanta ba. Ranar tseren rana ta buɗe, kuma kun san zafi da wannan cuta ba sa ga maciji, da jiki ya ɗumama sai alamomin su taso. Auta na jirana a Deansgate cikin keke, ta fara jin ƙafafunta na mutuwa, hazon idon na dawowa. Wannan tsohuwa, ita ma a nata keken, ta cire jiƙaƙƙen ƙyallen da ke wuyanta ta ɗaura wa Auta, ta ce shekararta talatin da cutar, ta san wannan kallon. Da na iso ina jan ƙafa, Auta ta dafa ƙarfen shingen ta miƙe tsaye, ta ce, "Yaya, tun daga can na hango ki. Mayafinki ya karkace." Tun daga can. Ban san sanda na zauna a kan kwalta ba.

'Yan uwa na gida da kuka yi ta saukar Alƙur'ani a Kano da Haɗeja da Maraɗi, nisa bai hana mu jin ɗuminku ba. Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, muka yi ta duba ƙofa har aka sallame mu. Na san hidima ta yi wa kowa yawa a ƙasar nan, ban riƙe kowa ba. Saƙon da aka aiko mini cewa bai dace matar aure ta fita gudu a titi ba, shi ma ya iso, na gode. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ga ta nan a cikin ruwan gishiri.

Ya Allah, duk wanda ya sa kwabonsa, ko ƙafarsa, ko tukunyarsa, ko ya ɗaga hannu cikin dare ya ambaci sunan Auta, Ka ninka masa ninkin da ba ya ƙirguwa. Ka sa ya tarar da shi a mizani ranar da dukiya da 'ya'ya ba sa amfani. Kada Ka jarrabe su da abin da Ka jarrabe mu da shi. Ka ji ƙan iyayensu, Ka shirya musu zuriya, Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, waɗanda aka san sunan ciwonsu da waɗanda har yau ana lalube. Masu binciken nan kuma, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, Ka buɗe musu basira, Ka sa maganin ya fito ta hannunsu muna raye. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Shafin zai ci gaba da zama a buɗe har 30 ga Mayu, ranar cutar MS ta duniya, saboda waɗanda suka ce a jira su ƙarshen wata. Akwai kuloli huɗu da faranti biyu a kicin ɗina da ban san masu su ba, a zo a ɗauka.

Jiya da daddare Goggo ta sa yaron POS ya kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "To, sun samo?" Na ce tukuna, Goggo. Ta yi shiru kaɗan, ta ce ba komai, in ranar kasuwa ta yi kyau za ta ƙaro.