Laraba, Aboabo, Kumasi

An ɗauke wuta tun hantsi, sai na koma keken ɗinki na ƙafa. Riguna biyu na Hajiya sun fita, ta amarya saura hannu ɗaya. Koko da ƙose a wajen da na saba, yau barkonon ya ji. Lafiya lau na wuni ina ta raha da yaran shago har la'asar.

Sai ga Auta ya shigo ya zauna kan benci yana latsa waya, daidai lokacin da mai susu, mai karɓar ajiyar kuɗi kullum, ya tsayar da babur a bakin ƙofa. Na miƙa masa sidi 20, ya sa hannu a kati ya wuce. Auta ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Yaya, wannan fa tunanin talaka ne, ka ba mutum kuɗinka ya riƙe maka sannan kai ne za ka biya shi." Wai masu arziki ba haka suke tunani ba, mutum sai ya canza tunaninsa, ya riƙa tashi ƙarfe biyar, ya sa babban buri a gaba. A TikTok yake jin su kullum.

Maganar lissafi ban musa masa ba. Katin gida 31 ne, zubi ɗaya na mai susu ne ladansa, kuma kuɗin ba ya haihuwa. A Disambar 2022 da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari kowa ya ga yadda abin da ka tara a farkon shekara ya kasa sayen abin da ka yi niyya. Duk na san wannan. Amma na ce masa Auta, ni ba riba nake saye da zubin nan ɗaya ba, ina sayen mutumin da zai tsaya min a ƙofa kullum ne ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in ji kunyar ce masa babu. Kuɗin da ke momo, asusun waya, kuwa kai ma ka san yadda yake tafiya, data yau, gobe gudunmawar suna, jibi wani ya kira yana kuka, kafin wata ya raba babu ko pesuwa. Keken obalok ɗin da ke bayanka, na ɗinke bakin yadi, daga katin nan ya fito.

Ya yi shiru, sai ya ce "to shi ke nan haka za mu ƙare?"

Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya har yanzu da nake rubutun nan. Haka kamar yaya? Mma tana tashi tun ƙarfe uku ta hura wuta ta ɗora wakye, shinkafa da wake na sayarwa, kafin kiran assalatu ta gama soya shito, miyar barkono, hannunta duk tabon mai, tun muna ƙanana ba ta taɓa fashi ba sai da azumi ko rasuwa. Da tukunyar nan ta saya masa akwati da katifa da ya tafi SHS, babbar sakandare. Amma wani bature a cikin waya ya ce a tashi ƙarfe biyar shi ne ya zama mai hikima, ita kuma da yake gani kullum da idonsa bai ɗauke ta a matsayin wadda za a koyi wani abu wajenta ba. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Kuma ba lalaci gare shi ba, yaron yana da kai. Ya gama makaranta ya zauna, abokansa na bes, inda samari ke zaman hira, wasu sun bi ta Agadez, akwai ɗaya ma da ba a sake jin labarinsa ba. Burin nan da yake ji a waya shi ke riƙe da shi, ban so in kashe masa. Ina so ne kawai hannunsa ya saba da abu guda da zai yi kullum ko ransa ba ya so.

Na ce gobe ya zo bayan asuba ya kama min guga da sa maɓalli, in riƙa ba shi sidi 15, biyar a ciki mu buɗe masa nasa katin. Ya ce zai duba.

Wuta ta dawo bayan isha'i. Gobe kasuwar Kejetia, zare da zip sun ƙare. Allah Ya sa ya zo.