Wa ya ce maka mace ce?

A shekarata ta biyu a karatun ilimin dabbobi aka tura mu bakin wani tafki mu lura da jakana, tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado. Na hangi ɗaya kwance a kan ƙwai huɗu, sai na rubuta a littafina cewa macen tana kwanci. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Wa ya ce maka mace ce?"

Ba wanda ya ce mini, da abina na taho a ka. Ashe namiji ne. A wurin jakana mace ta fi girma, ita ke tsare yanki, kuma takan tara maza fiye da ɗaya, ta saka wa kowanne ƙwai ta bar shi da kwanci da reno. In uban ya ga haɗari yakan kwashe 'yan tsakin ƙarƙashin fukafukansa ya gudu, ƙafafunsu na reto. Ranar da na ga haka da idona dariya ta hana ni rubutu.

Daga baya na gane ba ni kaɗai na zo da wannan zato ba. Masanin halittu Charles Darwin a 1871 ya kwatanta namiji da zumuɗi wajen neman mace, mace kuma da jan aji. A 1948 Angus Bateman ya yi gwaji da ƙananan ƙudaje, aka daɗe ana kafa hujja da shi wajen goyon bayan wannan ra'ayi na Darwin, sai a 2012 Patricia Gowaty da abokan aikinta suka maimaita gwajin, suka nuna hanyar da Bateman ya bi wajen ƙirga 'ya'yan ƙudajen tana da aibu. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na Robert Trivers na 1972: wanda ya fi shan wahalar 'ya'ya shi ke zaɓe, ɗayan kuma ya yi ta fafutuka. Uban jakana yana makale a kan ƙwai, dole matan su yi kokawa a kansa.

Shi ma bayanin bai rufe komai ba. Kura mai dabbare-dabbare mace ce ke ɗaukar ciki da shayarwa, duk da haka ita ke mulkin garke, maza na bin baya.

Tun daga ranar, in ban tabbatar ba, sai in rubuta "babban" ko "mai kwancin". Sati biyu na yi kafin na iya bambanta su daga nesa.