Tarin Takalma a Ƙofar Zauren Lacca

A shekarar 2023, ina aji uku a wata babbar makaranta a Jos, ni da abokan karatuna shida muka shirya gangami domin ranar 4 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kan jama'a game da nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa. Mun haddace tarihin yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin da ake ɗana wa mutane, wadda Najeriya ta shiga a 2001, har muka tsara takardar koke muna neman gwamnati ta kammala amincewa da yarjejeniyar hana bama-bamai masu 'ya'ya (waɗanda ke buɗewa su watsa ƙananan bama-bamai da yawa), wadda ta sa wa hannu tun 2009. Sai da muka tara sa hannun ɗalibai masu yawa sannan wata malamarmu ta nuna mana cewa Najeriya ta riga ta yi hakan a watan Fabrairun shekarar. Da tsofaffin takardu muka yi aiki, kuma kunyar ranar ta koya mini in riƙa duba shekarar kowace takarda kafin in dogara da ita.

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Mun liƙa fastoci ɗauke da hoton bam, da kalmar kanta cikin manyan jajayen haruffa, amma kafin azahar wani dattijon maigadi ya cire su duka ya kawo mana a hannu. Ya ce, "'Ya'yana, a garin nan ba a wasa da wannan kalma." Na ce, "Baba, ai faɗakarwa muke yi." Ya tambaye ni ko ina Jos lokacin da bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus a watan Mayun 2014. Ba na nan, don haka na yi shiru muka sake zane.

A ranar gangamin mun roƙi kowa ya kawo takalmi wari ɗaya, muka tara su a ƙofar zauren lacca domin tuna waɗanda nakiya ta raba da ƙafa. Na yi jawabi a kan Laos, inda Amurka ta zubar da bama-bamai fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, kuma har yau 'ya'yan bam ɗin da ba su fashe ba suna kashe manoma da yara. An tafa mini, amma tafin ladabi ne kawai.

Wanda ya tsayar da mutane wani ɗan ajinmu ne daga kudancin Borno, wanda ko a jerin masu magana ba mu sa shi ba. Ya ce a yankinsu ba nakiyar masana'anta ake tsoro ba, sai jarkar da aka cika da abin fashewa aka binne a hanyar gona ko ta rijiya, tana jiran duk wanda ya fara takawa. Ya ambaci masu tsintar ƙarafa a daji, waɗanda kan ɗauko ragowar makamai su kai wa 'yan gwangwan ba tare da sanin abin da ke cikin buhunsu ba. Daga baya na koma ga yarjejeniyar Ottawa, na ga cewa duk abin da aka ƙera domin ya tashi idan mutum ya taka shi ko ya kusance shi nakiya ce a wurinta, ko da a bayan gida aka haɗa shi.

A shekarar da ta biyo baya mun bar zancen koke, muka nemi saƙonnin faɗakarwa daga ma'aikatan da suka san aikin, domin shawarar da ɗalibi ya ƙirƙira da ka tana iya kashe mutum. Muka kai su da Hausa ga wasu iyalan da rikicin Boko Haram ya koro zuwa Jos, waɗanda ke shirin komawa gida kafin damina: kada a taɓa baƙon abu, kada a matsa kusa da shi, a gargaɗi na kusa, a sanar da jami'an tsaro. Wata dattijuwa ta sa na maimaita mata sau biyu, sannan ta kira jikokinta ta ce in sake faɗa a gabansu.