Layi uku da suka cinye mini Asabar a Tudun Wada

Ranar Asabar da ta wuce malamina ya kira ni tun da sassafe, wai in zo Tudun Wada in duba masa kwamfutar da yake tara tsofaffin takardu da rubuce-rubucen ajami da ya yi shekaru yana sikanin ɗinsu. DSpace yake amfani da ita, manhajar nan ta kyauta ta taskance takardu da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. Tsohuwar na'urar ta fara tari, ya sayi sabuwa aka sa mata Ubuntu 22.04, saura a haɗa DSpace da rumbun bayananta. Na ce Malam ai aikin minti ashirin ne, kafin azahar na koma Samaru. Allah sarki ni.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne DSpace gida biyu take raba kayanta. Takardun kansu suna wata jaka mai suna assetstore, kuma in ka buɗe ta ba za ka ga sunan komai ba sai dogayen lambobi kamar na katin waya. Sunan takarda, wanda ya rubuta, shekara, harshe, wato metadeta, duk suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a tsarin bayanin takardu da ake kira Dublin Core, wanda asalinsa gurabe 15 ne (kuma Dublin ɗin ta jihar Ohayo ce a Amurka, na daɗe ina zaton ta Ayalan ce). To in rumbun nan ya ƙi haɗuwa, kana da takardu dubu amma ba ka san wacce ce wacce ba, kamar buhunan hatsi a kasuwar Sabon Gari an goge sunayen masu su.

Saitin kansa fa ba wani abu ba ne, layi uku ne a fayil ɗin local.cfg. Akwai db.url inda za ka rubuta jdbc:postgresql://localhost:5432/dspace, sai db.username da db.password. Na cike su na buga dspace database test ina jiran albishir, sai ga jan rubutu wai authentication type 10 is not supported.

Nan ranar ta tafi wallahi. Na ɗauka kalmar sirri na kuskure, na sake ta har sau uku, na buɗe pg_hba.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa aka yarda ya shigo kuma daga ina, na ga layin dspace yana nan da md5 (tsohuwar hanyar tantance kalmar sirri) a ƙarshe yadda ya kamata, na sake kunna komai, shiru, ana cikin haka NEPA suka ɗauke, inbata tana kuka, Malam yana ta turo yaro da kunun zaƙi yana tambaya ko an dace. Ashe Ubuntu 22.04 da PostgreSQL 14 take zuwa, kuma daga 14 ne aka mayar da scram-sha-256 ya zama hanyar adana kalmar sirri ta asali. Shi kuwa direban JDBC, wato ƴar manhajar da ke haɗa DSpace da rumbun, da muka kwaso daga tsohuwar na'ura bai kai 42.2 ba, bai san wannan yaren ba sam. Abin haushin ma, ko ka rubuta md5 a pg_hba.conf, in dai da scram aka adana kalmar to da scram sabar za ta tambaye ka.

Mafita biyu ce. Ko ka mayar da password_encryption zuwa md5 ka sake saita kalmar sirrin, ko ka sauko da sabon direba. Ni sabon direba na sa, don ban ga dalilin cire sabon kwaɗo a mayar da tsoho saboda mabuɗi ya tsufa ba.

Saura ƙananan abubuwa. Tun daga DSpace 6 sai ka kunna wani ƙari mai suna pgcrypto a cikin rumbun, na shiga da postgres, babban asusun rumbun, na yi. Ka kuma buga pg_lsclusters ka tabbata ƙofar 5432 ce, don in akwai PostgreSQL biyu a na'ura ta biyun 5433 take ɗauka, kana can kana ƙwanƙwasa gidan maƙwabci. db.maxconnections, wato iyakar haɗin da DSpace za ta buɗe da rumbun lokaci guda, na bar shi a 30 ɗinsa tunda PostgreSQL 100 take ɗauka, kuma mutum nawa ne za su shiga taskar Malam lokaci guda?

Bayan la'asar muka zuba tsohon pg_dump, wato kwafin rumbun tsohuwar na'ura, na sake kunna Tomcat, sabar da DSpace ke gudana a kanta, sunayen takardu suka fito reras. Da na tambayi Malam ina sauran kwafin rumbun, sai ya ɗaga filashin nan guda ɗaya da muka yi aiki da shi, wanda ke rataye a jikin makullin mashin ɗinsa. Ban bar gidan ba sai da na kwafa a kwamfutata da wani had-disk ɗin daban, ana kiran magariba na samu keke zuwa Kwangila.