Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Ashe Yakubu Ma Ya Yi Golmo

Makon jiya na tsaya a inda muka baro ƙauyenmu na ƙasar Danko/Wasagu ta jihar Kebbi a daminar 2021, dawa ta fara tasowa muka bar ta a gona. A watan Yunin shekarar ne 'yan bindiga suka kwashi ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, don haka ba wanda ya tsaya jiran a ce masa tashi. Muka sauka Zuru gidan kawuna, ni da maiɗakina da yara a ɗaki ɗaya, Baba a zaure.

Sujadar Lahadi ban daina zuwa ba, a majami'ar ɗarikar UMCA da ke kusa da mu, amma gangar jikina ce kawai ke kan benci. In zumuntar mata suka buga tulu suka ɗaga murya, sai in ji kamar a wani gari ake yi. Addu'a kuwa, da na rufe ido rumbuna nake gani, da shanun noma biyu da aka kora. Kowa ya gamu da ni sai ya ce, "Sai haƙuri." Da gaskiyarsu. Ni dai na ƙoshi da jinta.

Baba bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Idanunsa sun yi yana, ba ya ganin rubutu, kuma cikin ɗan abin da ya tsira da shi har da Littafi Mai Tsarkinsa, tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, bangonta ya saɓule an ɗinke shi da zaren buhu. Kullum da asuba sai ya ƙwanƙwasa ƙyaurenmu da sandarsa.

"Kai, taso ka ara mini idanunka."

"Baba, gari bai waye ba."

"Ni da ba na gani, ina ruwana da wayewar gari? Ɗauko tocila."

Haka muka kama daga Farawa sura ta fari, ba tsallake, har jerin sunayen nan na wane ya haifi wane. Saboda shi nake karantawa, ba don raina yana so ba.

Ran da muka iso sura 29, inda Yakubu ya yi wa Laban bautar shekara bakwai saboda Rahila, Baba ya yi dariyar da rabona da jinta tun muna gida. "Ashe Yakubu ma ya yi golmo!" Don waɗanda ba 'yan ƙasar Zuru ba, golmo al'adarmu ce ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari: saurayi ya yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma, a da har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Samari kan haɗu ne ƙungiya guda, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Baba ya yi nasa cif kafin ya auri Inna.

Na ce, "To Baba, ai shi cutarsa aka yi. Ya gama aka ba shi Lai'atu, ya sake wasu bakwai."

Ya ce, "An cuce shi. Ka ji an ce ya ajiye garma?"

Daga nan ya shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce ba shekarar farko ce mai wuya ba, lokacin jini na tafasa, ana gasar wa zai riga kai ƙarshen kunya. Ta ƙarshe ma da sauƙi, an hango gida. Na tsakiya su ne masu karya mutum: tafin hannu ya yi kanta, ba mai yabonka, surukinka ko kallonka ba ya yi, kai kanka ka fara mance dalilin zuwanka. Abin da ke fitar da kai a lokacin, in ji shi, abokan golmonka ne da suka tsaya a ƙofar gida da garemani suna jiranka.

Ban ce komai ba. Amma na gane a shekarun tsakiya nake, kuma sandar nan ta asuba ita ce ke jirana a ƙofa.

Masu ba da shaida a coci sun fi son labarin dare ɗaya, an yi addu'a an tashi da amsa. Ban musa musu ba, ni dai nawa bai zo haka ba. Gonar tana can, ba mu koma ba. Sai dai kafin mu kai Zabura na lura nakan riga sandar Baba tashi. Da muka kai Habakuk sura 3, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gona ba ta ba da abinci ba, ko garke ya wayi gari ba dabba, zai yi murna da Ubangiji, sai muryata ta sarƙe. Baba ya ce in maimaita. Ranar ni na rufe mana da addu'a, gajeruwa, kuma ban ɓoye wa Allah ɓacin raina a cikinta ba.

Da rani ya shigo, wani dattijon ikilisiya ya ba ni aron 'yar fadama in gwada lambun albasa, ni da ban taɓa noman rani ba. Yadda ta kaya tsakanina da injin ban ruwan haya, da bashin takin da ya kusa raba ni da kawuna, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.